Giwan ruwa ya yi wuya a Madarunfa: a zubo sabo, ko yaya za a yi?

Wani matashi ne ya aiko mini da tambayar nan, ɗan gidan masunta daga gefen Tafkin Madarunfa, yana karatu a nan cikin Maraɗi. Ya ce mahaifinsa kan ba su labarin giwan ruwan da sai mutum biyu ke ɗauka, da ragon ruwa mai cika kwando shi kaɗai, amma shi tun da ya yi wayo bai ga irinsu ba sai jefi-jefi. Abin da ke fitowa yanzu ƙananan karfasa ne da tarwaɗa. Shi da abokansa suna son su haɗa kuɗi, ko su nemi wani furoje, a sayo ƴaƴan kifi a zuba. Tambayarsa biyu: kifin nan ƙarewa zai yi? Zubin kuma zai dawo da shi?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaida mini mahaifin naka. Ka yarda da abin da ya faɗa maka. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ba mai musa masa. Na yi shekaru ina aikin ruwa da gandun daji, kuma ban taɓa zuwa bakin tafki da wani labarin raguwar kifi ba face na iske masunta sun riga ni saninsa da shekara biyar.

Ƙarewa iri biyu ce. Akwai ƙungiyar nan ta duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, IUCN. A ƙarshen 2023 ta fitar da sakamakon binciken kifayen ruwan daɗi kusan iri 15,000, ta ce ɗaya cikin huɗu yana fuskantar ɓacewa daga doron ƙasa. Giwan ruwa ba ya cikinsu, ragon ruwa ma haka. Suna nan a kogin Kwara, suna nan a Tafkin Chadi da kogin Nilu. To amma wannan ba zai sanyaya ran mahaifinka ba, don shi ba a Kwara yake su ba. Kifi yana iya yawa a duniya ya ƙare ƙarƙaf a ruwan garinku. Madarunfa kuwa tafki ne da ke jiran damina. Abin da Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi suka kawo shi ne rabonsa na shekara, kuma tun da aka datse ruwan a Jibiya wajen 1990, Gulbin Maraɗi bai ƙara zuwa yadda ya saba ba. Hanyar da kifi zai bi ya dawo da kansa ta ƙuntata ke nan. In iri ya yanke a ciki, yankewar tana iya zama ta dindindin.

Zancen zubi kuwa, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don da hannuna na yi kuskuren. Wata shekara aka ba mu ƴaƴan karfasa da na tarwaɗa mu kai wani tafki, ba Madarunfa ba. Mun makara a hanya, muka isa rana tsaka, ruwan cikin duro ya yi zafi kamar na wanka. Ga jama'a sun taru, ga manyan gari, ga mai ɗaukar hoto, ba wanda ke son jira. Aka karkata duro aka juye. Ina tsaye ina kallon wasu suna juyowa ciki sama, farare fat, iska na tura su bakin gaɓa. Waɗanda suka tsira, da na koma bayan sati uku sai na same su a faranti, a soye, ana sayar wa yara. Da sange aka tace su, gidan sauron nan da ake raba wa mata masu ciki. Rahoton da muka rubuta ya ce an zuba kifi dubu kaza, kuma ba ƙarya muka yi ba, an zuba ɗin.

Kai ɗan Maraɗi ne, don haka akwai misalin da ba sai na yi maka dogon bayani ba. Bayan farin shekarun 1970 an kashe dukiya mai yawa wajen dashen itatuwa a ƙasar nan. A raini ƴan itatuwa a leda, a dasa, a yi buki, rani ya zo, awaki da iska su gama da su. Sai wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin nan suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. A bar wa kowane kututture reshe biyu ko uku, a kare shi, shi ke nan. Sassaben zamani ke nan, wanda ya mayar da itatuwa a miliyoyin hekta tsakanin Maraɗi da Damagaram, abin da dashen leda ya kasa. Tafki ma yana da nasa kututturan. Ƴan giwan ruwan da ka ce ana gani jefi-jefi, su ne. Muddin ana kama ko guda a shekara, da alama akwai uwa a ciki, kuma uwa guda ta giwan ruwa tana zuba ƙwai miliyoyi. Babu motar furoje da za ta kawo maka adadin nan.

Abin tambaya shi ne me ke hana ƙwan nan zama kifi. A nan zan daɗe, don nan maganar take.

Giwan ruwa mai jinkirin balaga ne. Namiji yakan kai wajen rabin mita kafin ya isa barbara, mace kuwa sai ta fi haka girma, sai ta yi shekara biyu zuwa uku ko fiye. Yanzu ka tuna girman waɗanda ake fitowa da su. In tsawon tafin hannu da rabi ne, ko tsawon damtse, to jariri aka kama, bai taɓa haihuwa ba. Makiyayi ba ya yanka maraƙa mata duka ya zauna jiran garke, amma a ruwa kullum haka muke yi, saboda ba ma ganin garken da ido. Karfasa kuma dabararta daban. Namiji ya share ɗan gurbi a yashi cikin ruwa marar zurfi, mace ta saka ƙwai, ta kwashe su a baki, ta riƙe har su ƙyanƙyashe, kwana goma ko sati biyu ba ta cin abinci. Ka taɓa buɗe bakin karfasar da taru ya jawo ka ga ƙwai rawaya cike da shi? Wannan kifi ɗaya aka kama a ido, amma ɗaruruwa aka kashe. Tarun da ake ja har gaɓa yana share gurbin, yana kwashe uwar, yana tumɓuke ciyawar da ƴaƴan za su ɓuya. Ita karfasa in an matsa mata da kamu sai ta koma haihuwa tun tana ƴar ƙarama, shi ya sa kuke ganin tana da yawa amma ba ta girma. Mutane na cewa irin ne ya lalace. Irin lafiya lau yake, ba a bari ta kai ne.

Idon raga, masunta da yatsa suke auna shi, kuma ma'aunin nan ya fi na takarda amfani. Ka tambayi mahaifinka raga mai yatsa nawa yake sakawa yana saurayi, ka dubi na yau. Kifi ya ragu, sai a rage ido don a samu na cefane. An rage ido, sai kifi ya ƙara raguwa. Daga yatsa huɗu a dawo uku, a dawo biyu, a ƙare a sange, wanda ko ƙwaro ba ya wucewa. Ba mugunta ke sa mutum haka ba, tukunya ce ke jira a gida. Amma ƙarshen hanyar sananne ne.

Sai wurin haihuwa. Yawancin kifayenmu da sabon ruwa suke hayayyafa. In gulbi ya kawo, ruwa ya hau ciyawa, tarwaɗa takan bi shi da dare har inda bai kai gwiwa ba ta zuba ƙwai a jikin ciyawa. Ƴaƴan kusan kowane kifi a cikin burgu da bado da saiwoyin giyayya suke yin makonninsu na farko, nan abincinsu yake, nan manya ba sa iya kutsawa. Wannan bakin ruwan da muke gani kamar banza, wanda ake nomewa har gaɓa, ake turo shanu su tattake, ake kafa gura, tarkon nan na kifi, a jere a mashigar ruwa, shi ne ɗakin haihuwar tafkin. Mashigar ma ta fi komai. Kifi mai ƙwai yana hawowa, an tare ƙofa da tarko daga wannan gefe zuwa wancan. Kamun sati biyu a wurin nan yana cinye na shekara mai zuwa.

Akwai kuma abin da ba laifin masunci ba ne ko kaɗan. Tafkin yana cikewa. Kowace damina koramu na kwaso yashi da laka daga gonakin da ba su da abin riƙe ƙasa, su zube a ciki. Ruwa in ya rage zurfi yakan yi saurin zafi, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Ka je bakin tafki da asuba a watan Afrilu ko Mayu, kafin rana ta fito, lokacin da iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. In ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki kamar masu haki, to ruwan ya gaza. Tarwaɗa ba ruwanta, tana iya shaƙar iskar sama. Gaiwa ma haka, ita da ko tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta naɗe ta jira wata damina. Giwan ruwa ba shi da wannan baiwar, shi ne farkon mutuwa. Saboda haka in ka ji an ce tafki ya koma na tarwaɗa zalla, kada ka tsaya kan raga kaɗai, ka dubi zurfi. Ka ƙara da masu lambu da ke wanke famfon feshi a bakin ruwa, da wanda zai zuba maganin ƙwari a lungu don ya kwashi kifi a sauƙaƙe. Dokar kamun kifi ta ƙasar nan tun ta 1998 ta haramta kama kifi da guba. A dā magimfa ake dakawa, ita ma ɓarna ce, balle maganin kanti da ke kashe har kwaɗi, ya kuma bi kifin zuwa cikin mai ci.

Ka ga ke nan, in kun zuba ƴaƴan kifi cikin ruwan da duk waɗannan ke aiki, abin da ya ci na gida shi zai ci baƙi, har ma ya fi saurin cinsu, don su a kwami suka tashi, ba su san maƙiyi ba.

Wani haɗarin zubi kuma ya fi asarar kuɗi. Tafkin Biktoriya, wanda Tanzaniya da Uganda da Kenya suka kewaye, yana da ƙananan kifaye dangin karfasa fiye da iri 500, mafi yawansu babu su a ko'ina sai can. A shekarun 1950 aka kai giwan ruwa aka zuba, da niyyar a samu babban kifi na kasuwa. Ya yi shiru fiye da shekara ashirin, sannan a shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Ana ƙiyasin iri wajen 200 sun ɓace. An kuma kai irin karfasarmu ta Nilu, ta ture tasu ta gida da suke kira ngege, har ta kai an saka ta cikin jerin masu gab da ƙarewa. Wato kifin da kake kuka a kansa a Madarunfa, shi ne dodo a wani wuri. A nan ɗan gida ne, ruwayenmu sun san shi, amma ko a nan in ka jefa shi a ƙaramin tafkin da bai da shi, zai share abin da ya tarar. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin Biktoriya shi ne inda ragowar suka tsira: cikin fadamu masu ciyawa, tsakanin duwatsu, da ƙananan tafkunan gefe da giwan ruwa bai kai ba. Maɓoya ce ta cece su. Wasu kuma sai a gidajen ajiyar dabbobi na Turai da Amurka ake riƙe da irinsu cikin gilashi, abin tausayi, kifi ya zama ɗan gudun hijira.

A Malawi akwai karfasar da suke kira cambo, abin alfaharin ƙasar, wadda yawan kamu ya kai ta jerin masu gab da ƙarewa a 2018. Amma a tafkin nasu akwai wani tsibiri, Mbenje, inda sarakunan gargajiya tun shekarun 1950 suke rufe su daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin damunarsu, kowa ya bar tsibirin. Har yau kifin wajen ya fi na sauran wurare girma, masu bincike na zuwa koyo. Ba sai mun je nesa ba ma. Manyan kifayen da ake ɗagawa a bukin Argungu, wanda aka fara a 1934, ba daga sama suke faɗowa ba. Matan Fada, kogin da ake bukin a cikinsa, a rufe yake sauran shekara, kuma Sarkin Ruwa na da bakin hanawa. Kakanninmu sun san rufe ruwa tun kafin a zo da takarda.

To me za ku yi da ƙarfinku da ƴan kuɗinku? Ni dai da za ku ji tawa, ku fara da zama da sarkin ruwa da dattawan masunta, kafin ku je wurin kowane ma'aikaci. Ku roƙi abu biyu. A ware wani yanki, mashigar ruwa da ciyawar da ke kewaye da ita da kuma rami mafi zurfi inda manya ke fakewa da rani, a kafa masa alama, kada raga ta shiga shekara duka. Sannan a ɗaga raga gaba ɗaya daga zuwan sabon ruwa har wata biyu ko uku. An yi sa'a lokacin ya zo daidai da aikin gona, yawancin masuntanmu kuwa manoma ne. Wanda ba shi da gona fa? Wannan ita ce tambayar da ke rusa kowace yarjejeniya in ba a amsa ta tun farko ba. Mai yunwa zai shiga da dare, kuma ba zan iya zaginsa ba. Kuɗin da kuka so sayen ƴaƴan kifi da su, ku sa su nan: asusu ko adashin da zai riƙe irin waɗannan gidaje a watannin rufi, da musayar raga, mutum ya kawo sange ko mai yatsa biyu a ba shi mai faɗin ido. Dokar da masunta suka yanka da bakinsu, suka sa tararta da kansu, ita ke zama. Wadda muka riƙa kawowa daga birni a mota, tana komawa tare da motar. Bayan sun amince sai a kai wa magajin gari da ma'aikatan gandun daji su sa hannu, don baƙon masunci ma ta hau kansa. Tun 2019 tafkin yana cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wannan hujja ce da za ku riƙe in kuna neman a saurare ku.

Kada ku manta da iyayenku mata masu suya da banda. Duk kifin da ya fito ta hannunsu yake bi. Ran da suka haɗa baki suka ce ba su sayen wanda bai kai kaza ba, an gama, ba sai an kori kowa a ruwa ba. Amma su ma jarinsu ne, sai an zauna da su an ji ta bakinsu, ba a aika musu da saƙo ba.

"Kaza" ɗin nan kuwa ku za ku nemo shi, kuma aikin ɗalibi ne irinka. Ka samu littafi da abin awo, ka riƙa zuwa inda ake fito da kifi ko sau ɗaya a sati. Ka rubuta iri, ka auna tsawo, in ana gyara ka leƙa ciki ka ga ko akwai ƙwai. Bayan damina ɗaya za ka ga tsawon da rabin matan kowane iri suke fara ɗaukar ƙwai. Ka yanki sanda daidai nan, ka ƙara ɗan yatsa biyu, a rataye ta a bakin ruwa. Wanda bai kai sanda ba, in da ransa, a mayar. Ka kuma kafa wani dogon itace mai zane a wuri ɗaya cikin tafkin, ka riƙa rubuta inda ruwa ya tsaya a ƙarshen kowane wata. Shekara uku na wannan littafin sun fi duk wani jawabi da za ka yi a gaban masu furoje, don mafi yawan tafkunanmu ba wanda ya taɓa riƙe musu irin wannan lissafi a jere.

Ban ce zubi haramun ne ba. Tafkin da ke ƙafewa duk shekara, ko wanda aka tabbatar iri ya yanke a cikinsa, dole sai an kai masa. In ta kai ga haka, a ɗebo daga ruwa mafi kusa, irin da aka san yana wurin a dā, iyaye masu yawa ba ƴaƴan uwa ɗaya ba. A guji tarwaɗar gidan gona da aka haɗa ta da ramboshi, wani kifi danginta, don saurin girma, wannan ta kwami ce, ba ta tafki ba. A yi tafiyar da sanyin asuba, in an isa a riƙa zuba ruwan tafkin cikin duro kaɗan-kaɗan har zafinsu ya daidaita, sannan a sake su cikin ciyawa, a cikin yankin da aka riga aka hana shiga. Ni ban yi haka ba a waccan shekarar, ka ji yadda ta ƙare.

Karfasa za ta nuna muku alama da wuri, cikin shekara guda za ku ga girmanta ya canza in an riƙe alkawari. Giwan ruwa sai kun ba shi shekara uku zuwa huɗu, kuma sai ramin nan mai zurfi bai cike ba, wanda ke nufin wata rana za ku hau tudu ku yi magana da masu gonakin da koramu ke ratsawa. In ka je gida hutun nan, ka tambayi mahaifinka a wane lungu ya fi samun giwan ruwa a watan zafi, kuma gora nawa ne zurfin wurin a lokacin. Ka ɗauki gorar ka shiga jirgi ku auna tare, ka aiko mini da abin da kuka samu.